KUJERAR LIKITAN HAƘORI: KAR KA BARI A ƊORA TA A SIKELIN 'YAN GWANGWAN



Yau mun ɗan ajiye maganar waya da saitin data a gefe. Ra'ayina zan faɗa a kan wani abu da na gani da idona, kuma ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci, musamman idan kai mai sana'ar hannu ne: mai aski, mai gyaran waya, bakanike, mai walda, tela, ko ke mai lalle da kitso.

Kwanakin baya ina kan hanyar Bagudo zuwa Tsamiya na tsaya wurin wani ɗan gwangwan, ina neman ɗan guntun ƙarfe da zan yi wa farantin sola ƙafa. A can gefe, cikin tarin tsofaffin rim da matattun janareto, sai na hango wata doguwar kujera fara, kushin ɗinta duk ya yage. Yaransa biyu har sun ɗauko guduma.

Na ce, "Maigida, wannan fa?"

Ya ce, "Ta masu cire haƙori ce, Malam. Ta mutu. Fasa ta za mu yi, alminiyam daban, ƙarfe daban, wayar tagulla daban."

Na roƙe shi ya ba ni minti goma. Muka buɗe murfin ƙasa, muka karanta abin da aka rubuta a jikin injin, muka aro batir biyu daga wani mai cajin waya, muka haɗa. Wallahi sai ga kujera tana tashi sama a hankali, ko ƙara babu. Yaran nan suka ja da baya suna salati. Ashe ɗan allon lantarkin da ke ba ta umarni ne kawai ya ƙone, sauran jikinta lafiya lau.

Ban saye ta ba, don tun da ta motsa farashinta ma ya motsa. Amma tun ranar abin yake cina a rai. Guda nawa aka riga aka farfasa haka?

Ga matsayina a taƙaice: tsohuwar kujerar haƙori inji ce mai ɗaga nauyi, kuma sayar da ita da kilo asara ce ga garinmu. Idan tana gyaruwa, ta koma asibiti. Idan ta gama aikin asibiti, a tsabtace ta yadda ya kamata, a mai da ita kayan sana'a. Sikeli shi ne zaɓi na ƙarshe.

ME KE CIKINTA DA HAR NAKE WANNAN HAYANIYA?

Ka cire kushin a ranka, ka dubi abin da ya rage. Akwai gindi mai nauyi na ƙarfe wanda ba ya girgiza. Akwai inji ɗaya mai ɗaga kujerar sama da sauke ta, da wani mai kwantar da baya da tayar da shi. Akwai matashin kai mai lanƙwasuwa. Galibi kuma tana zuwa da fitila mai dogon hannu, da faranti na ajiye kayan aiki shi ma mai hannu, da abin takawa da ƙafa don ba da umarni. Wani lokaci har da kwamfuresa mai ba da iska da ƙaramar kujerar likita mai taya.

An ƙera irin waɗannan kujeru ne su ɗaga babban mutum, galibi mai nauyin kilo 135 ko fiye, sau da yawa a rana, shekara da shekaru, kuma su tsaya cak a inda aka tsayar da su. Likita yana aiki da abu mai kaifi a cikin bakin mutum, ka ga kuwa ba a son kujera ta zame ko da faɗin yatsa ɗaya. Wannan ƙarfi da daidaito shi ne dukiyar. Je ka tambayi mai walda nawa zai caje ka ya ƙera maka tebur mai hawa da sauka da buhu biyu na shinkafa a kai, ka ji amsa.

Wani abin da zai ba ka mamaki, ita kanta kujerar haƙori daga kujerar gida ta samo asali. A wajajen 1790 wani likitan haƙori a Amurka mai suna Josiah Flagg ya ɗauki kujerar katako ta zaman ɗaki ya ƙara mata matashin kai. A 1832 James Snell a Landan ya yi mai kwanciya baya. A 1877 aka fito da kujerar Wilkerson mai ɗagawa da ƙarfin mai, wadda ake bugawa da ƙafa kamar jak. Har yau kamfanin Takara Belmont na Japan kujerun aski yake ƙerawa, yana kuma ƙera na haƙori. 'Yan gida ɗaya ne. Don haka idan ka mai da ita kujerar aski, gida kawai ka mai da ita.

DAGA INA SUKE ZUWA?

Mu mutanen bakin iyaka ba sai an yi mana bayanin kayan Kwatano ba. Abin da ya sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano yana bin hanya ya hau arewa, ta Paraku da Kandi, ga Segbana nan daf da Tsamiya. Motoci, firji, talabijin, kayan asibiti da aka gama yayinsu a Turai da Amurka, duk mun saba gani. Wasu kujerun ta irin wannan hanya 'yan kasuwa ke kawo su. Wasu kuma kyauta ce ƙungiyoyi suka ba asibitoci. Wasu sababbi aka saye su, galibi ƙirar Sin, suka yi 'yan shekaru suka tsaya.

Tsayawar kayan asibiti kuwa matsala ce da ta wuce ƙasarmu. Wani bincike da masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka fitar a 2011, bayan duba na'urori sama da dubu 100 a asibitocin ƙasashe masu tasowa, ya gano kusan kashi 38 cikin 100 ba sa aiki. Manyan dalilan su ne rashin masu gyara da aka horar, da rashin tsarin kula da kaya, da matsalar abubuwa irin su wuta. Ka lura da wannan da kyau. Sau da yawa abin da ya kashe na'ura ƙaramin abu ne: fiyus, taransfoma, waya da ɓera ya ci, ko kuma an jona na'urar volt 110 a wutarmu ta 230 ta yi hayaƙi tun ranar farko.

TAMBAYA TA FARKO: DA GASKE TA MUTU?

A nan nake so ka tsaya ka ji tsoron Allah. Yankinmu na da ƙarancin likitocin haƙori ƙwarai. Mutumin Illo ko Kaoje ko Lolo da haƙori ya hana shi barci ya san tafiyar da ke gabansa kafin ya ga ƙwararre. Kuma ciwon baki ba wasa ba ne a arewa maso yamma. Akwai cutar noma mai cinye fuskar ƙananan yara, wadda ke farawa daga kumburin dasashi, har aka buɗe mata asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

To a irin wannan wuri, idan ka samu kujerar da fiyus ne kawai ya hana ta aiki, bututunta lafiya, hannuwanta lafiya, ka mai da ita wurin shan shayi a zaure, ni dai a ganina ka ci haƙƙin jama'a. Ka nemi ma'aikacin lafiyar haƙori mai rajista ko injiniyan kayan asibiti ya duba ta. Idan za ta iya komawa aiki, ka sayar wa asibiti ko ka ba da sadaka. Ladan ya fi kuɗin aski.

Wadda nake magana a kai ita ce wadda ɓangaren aikin haƙorinta ya lalace: bututun ruwa da na iska sun bushe sun farfashe, babu kayan gyara, kuɗin farfaɗo da ita ya kusa na sabuwa. Wannan ta gama da asibiti, amma ƙarfenta da injinta suna da sauran shekaru.

KAFIN KA ZAUNA A KANTA, GA ABIN DA ZA KA CIRE

Wannan shi ne ɓangaren da ba na so ka tsallake.

1. Bututun zuƙe yawu da kwanon tofarwa. Shekaru ana zuba jini da yawu a ciki. Ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana 7. Ka sa safar hannu mai kauri da takunkumi, ka cire duk bututun, kar ka sake amfani da ko ɗaya. Na san halinmu, wani zai ce tiyon nan zai yi ɗurar fetur. Haba ɗan uwa, bar shi ya tafi.

2. Matatar da ke ƙarƙashin kwanon. Abin nan mai launin azurfa da ake cike ramin haƙori da shi, kusan rabinsa zaiba ce, wadda masu haƙar zinare ke kira makuri. Ɓurɓushinsa na taruwa a matatar da cikin bututu. Idan ka ga baƙin laka ko ƙananan tsakuwoyi masu toka-toka, kar ka ƙona, kar ka zuba a kwata ko kusa da rijiya, kar ka watsa masa bilic don yana narkar da zaibar ta bi ruwa. Zuba shi a kwalba mai murfi, ka rufe gam, ka miƙa wa ma'aikatan lafiya su haɗa da sharar asibiti. Hayaƙin zaiba na lalata ƙwaƙwalwa da ƙoda. Saboda haɗarinta ne ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013, kuma Najeriya na ciki. Mu da muke zaune a bakin kogin Neja muna cin kifinsa, wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

3. Na'urar ɗaukar hoton haƙori. Wani lokaci ana haɗa ta a ciniki ɗaya, wani kai ne mai nauyi a kan dogon hannu. Kar ka jona ta a wuta don gwaji, kar kuma ka fasa. Idan aka kunna tana fitar da haske mai illa wanda ido ba ya gani, a cikinta kuma akwai mai da dalma. Hukumar NNRA ce ke kula da irin waɗannan na'urori a Najeriya. Ba sai na tuna maka abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010 ba, inda yara kusan 400 suka rasu. Maƙwabtanmu ne.

4. Tsohon kushin. Idan ledar ta yage, soson ya sha abin da ya sha. Yaye shi gaba ɗaya, ka kai wa mai ɗinkin kujerun mota ya sa sabon soso da sabuwar leda. Aikin yini ɗaya ne a wurinsu.

Bayan nan sai wanki. Fara da omo da ruwa. Sannan ka haɗa ruwan bilic: idan kwalbarka an rubuta kashi 3.5, to awo 1 na bilic a awo 6 na ruwa. Goge jikin kujerar, ka bar shi kamar minti 10, sai ka sake gogewa da ruwa zalla don kar ƙarfen ya yi tsatsa. A fili za ka yi, inda iska ke kaɗawa, kuma kar ruwa ya shiga inji.

YADDA ZA KA TASHE TA BA TARE DA NEPA BA

Kujerun iri uku ne, kuma sanin wadda ke gabanka shi ne rabin aikin.

Ta farko, mai famfon ƙafa. Tsohuwar ƙira ce, ba ruwanta da wuta. Kana takawa tana hawa. Idan tana saukowa da kanta, robar da ke riƙe mai ce ta mutu ko man ya ragu. Duk wanda ya iya gyaran jak ɗin mota zai iya da ita. Ga mutumin ƙauye wannan ita ce sarauniya.

Ta biyu, mai famfon mai da lantarki. Za ka ga ƙaramin tankin mai da mota mai tura shi. Irin wannan wutar gida take so, don haka sai janareto ko inbata. Abu na farko, karanta farantin da ke manne a gindinta. Idan ka ga 110 ko 120, ta Amurka ce, sai da taransfoma mai rage wuta. Ka jona ta kai tsaye, ka yi mata jana'iza.

Ta uku, mai sandar turawa, wadda masu gyara ke kira akcuweta. Mafi yawan na zamani haka suke. Wata 'yar mota ce ke juya doguwar kusa mai zare, sandar ta fito ko ta koma. Da yawansu volt 24 suke ci, irin wutar batir. Taransfomar da ke cikin kujerar ce ke sauko da wutar gida zuwa 24. Ma'ana, idan allo da taransfoma sun ƙone, kana iya tsallake su. Ga yadda ake yi:

Karanta rubutun jikin injin ka tabbatar 24 ne kuma wutar batir ce. Idan ba ka gani ba, kar ka yi cinta-cinta, kira mai gyaran lantarki.

Samo batir biyu na volt 12 masu girma ɗaya. Haɗa jan kan na farko da baƙin kan na biyu. Kawunan biyu da suka rage su ne za su ba ka 24.

Nemo wayoyi biyu masu kauri da ke shiga motar. Siraran na aika saƙo ne zuwa allo, bar su. Taɓa masu kaurin da wayoyin batir na daƙiƙa ɗaya. Idan ta hau, juya wayoyin za ka ga ta sauka. Sirrin ke nan gaba ɗaya.

Sayi makunni mai ƙafa shida, mai hawa uku, irin wanda ke komawa tsakiya da kansa in ka saki. Shi zai riƙa juya maka wayoyin. Kowane inji da makunninsa, ɗaya na hawa da sauka, ɗaya na baya.

Sa fiyus kusa da batir, daidai da abin da aka rubuta a jikin injin ko sama kaɗan. Kar ka ɗaura waya a madadin fiyus, a nan gobara take farawa.

Gargaɗi biyu. Na ɗaya, a wasu kujerun abin da ke tsayar da inji in ya kai ƙarshe ta cikin allo yake bi. Tunda ka tsallake allon, ko dai mai lantarki ya sake haɗa maka shi, ko ka sa alama ka riƙa sakin makunni kafin ta kai maƙura. Da ka ji muryar inji ta canza, saki. Na biyu, waɗannan injina ba a yi su don gudu ba tsayawa ba. Yawanci ƙa'idarsu aikin minti 2, hutun minti 18. Tunda hawa ɗaya 'yan daƙiƙoƙi ne, wutar da za ta ci a yini kaɗan ce, ƙaramar sola ta ishe ka cajin batiran.

WA ZAI AMFANA?

Mai aski shi ne na farko. Gyaran gemu yana son kwastoma ya kwanta baya, kansa a tsaye wuri ɗaya. Kai kuma ka daina sunkuyo daga safe har dare. Duk wanda ya yi shekara goma yana aski ya san abin da bayansa ke gaya masa da daddare.

Ke mai lalle, kitso ko kwalliyar amare, kin san amarya kan yi awanni a zaune, ƙafa a miƙe, hannu a shanye. Wannan kujera tana da wurin miƙe ƙafa, tana da wurin ɗora hannu, kuma kina ɗaga ta daidai tsayinki. Lokacin biki za ki gane bambancin.

Bakanike, kai kuma cire kujerar gaba ɗaya za ka yi, ka bar gindin da injin ɗagawa. Mai walda ya ɗora maka faffaɗan faranti mai kauri da ɗan baki a gefe. Ka samu tebur mai hawa da sauka. Mu nan ƙasar fadama ce, lokacin noman rani injinan ban ruwa ba sa ƙarewa a gareji. Maimakon ka tsuguna a ƙasa kana kwance inji cikin ƙura, ka sauke tebur, ka tura inji a kai, ka ɗaga shi daidai ƙugu. Haka injin babur, ƙaramin janareto, ko injin jirgin ruwa. Sharaɗi: nauyin ya zauna a tsakiya, kar ya wuce abin da aka rubuta, kuma ka kafe gindin da noti a siminti.

Mai gyaran waya, kai fitilar za ka nema. An yi ta ne ta haska ƙaramin wuri mai zurfi, inuwar hannu ba ta cika tare ta ba, kuma hannunta na tsayawa duk inda ka ajiye shi. Tsofaffin ƙwan halojin suke amfani da shi, mai zafi da shan wuta. Cire shi ka sa ƙwan LED na volt 12. Hannun farantin kuma ka kafe shi a jikin teburinka, ka ɗora mita, ko gilashin ƙara girma, ko ma wayar da kake ɗaukar bidiyo da ita.

Kwamfuresar likitan haƙori galibi marar mai ce, iskarta mai tsabta. Tana hure ƙura daga kwamfuta da janareto, tana ƙaramin fenti, tana ba tayar babur iska. Amma ka duba tankin. Idan tsatsa ta ci shi, kar ka yi masa walda, jefar da shi. Tankin iska in ya fashe kisa yake yi. Ka riƙa buɗe ƙasansa kana zubar da ruwan da ya taru.

Ƙaramar kujerar likita mai taya kuwa, ka kai wa tela ka ga godiya.

Akwai kuma gida. Wanda ke jinyar tsoho ko mai shanyewar ɓarin jiki ya san wahalar tayar da shi zaune don cin abinci ko alwala. Kujera mai tayar da baya da kanta taimako ce babba. Sai dai siririya ce kuma ba ta da shinge a gefe, don haka ba gado ba ce, ba a barin majinyaci shi kaɗai a kai, kuma ka shawarci ma'aikacin lafiya tukuna.

Doka ɗaya ta hau kan kowa: ƙarƙashin kujerar nan almakashi ne. Abin da ke ɗaga kilo 135 ba zai ji hannun yaro ba. Ka rufe wurin da murfi, ka cire wayar batir in ka tashi aiki, kuma kar ka taɓa sa hannu a ciki sai ka tokare da katako mai ƙarfi.

NA SAN ABIN DA WASU ZA SU CE

Wani zai ce, "Malam, ai wahalar ta fi ribar. Abu mai nauyin tsiya, ga kuɗin mota, ga kushin, ga batir." Gaskiya ne tana da nauyi, sai mutum uku ko huɗu. Yi lissafi kafin ka saya. Abin da ɗan gwangwan zai samu shi ne kilonta a farashin ƙarfe na yau, da ɗan abin da tagulla da alminiyam za su ƙara. Ka ɗora masa riba a kai, ka haɗa da kuɗin gyara, sannan ka kwatanta da farashin sabuwar kujerar aski mai famfo a kasuwa. In lissafi bai fita ba, bar ta. Kuma ka koyi darasi daga kuskurena: ku gama magana a kan farashin mai rai da farashin matacciya kafin ka jona batir.

Wani zai ce ina kiran Turawa su mai da mu juji. Wannan tsoro yana da tushe. A 1988 an jibge ganguna masu guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu, ba Kokonmu na Kebbi ba, kuma irin wannan ta'asa ce ta sa ƙasashen Afirka suka yi yarjejeniyar Bamako a 1991 don hana shigo da shara mai haɗari. Ni ban ce a yi odar matattun kaya daga waje ba. Wanda zai shigo da kaya ya kawo mai aiki, ta hanyar kwastam, da takardunsa. Maganata a kan wanda ya riga ya shigo ne, yana jibge a bayan asibiti ko a filin 'yan gwangwan. Idan aka fasa shi da guduma aka ƙona wayoyinsa don cire tagulla, mu ne za mu shaƙi hayaƙin.

Akwai kuma abubuwa biyu da ni kaina suke tsorata ni.

Na farko, sata. Ranar da aka gane kujerun nan na da kasuwa, wani zai iya kwance mai lafiya daga asibitin gwamnati ya ce ta mutu. Kayan gwamnati ba a sayar da su a bayan katanga, akwai ƙa'idar tantancewa da gwanjo. Ka nemi takarda. Ka nemi rasit mai sunan wanda ya sayar da lambar kujerar. Wanda ya ce ka zo da dare ka ɗauka, ka ce masa Allah ya ba da sa'a. Kujerar da aka sace daga asibiti, wata rana ɗanka ne zai je ya tarar babu.

Na biyu, likitan bogi. Mutum ya samu kujera da fitila da farar riga, shi ke nan ya buɗe shagon cire haƙori. Jama'a kuma da sun ga kujera sai su yarda. Kujera ba ta mai da mutum likita. Aikin haƙori sai wanda ya yi karatu kuma yake da lasisi, likitoci daga hukumar MDCN, sauran ma'aikatan haƙori daga tasu hukumar. Allura da kayan aiki marasa tsabta na yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau, jini kuma na iya ɓallewa. Shi ya sa nake ba da shawara duk wanda ya gyara kujera don sana'a ya cire ɓangaren aikin haƙorin kwata-kwata, ya canza mata launi. In ka sayar wa wanda ka san abin da zai yi da ita ke nan, kana da kamasho a zunubin.

DAGA ƘARSHE

Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san abin da hannun mutanenmu ke iya yi da abin da wasu suka yar. Masu waldanmu da makanikanmu na Bagudo da Zagga da Kaoje ba su gaza su a basira ba. Abin da ya rage shi ne mu riƙa buɗe murfi muna karanta abin da aka rubuta a jikin inji kafin mu ɗaga guduma.

Saboda haka in ka ci karo da irin wannan kujera, yi tambaya uku a jere. Daga ina ta fito, akwai takarda? Za ta iya komawa asibiti? In ba za ta iya ba, wane mai sana'a ne a unguwarmu bayansa ke ciwo saboda rashin irinta?

Su ma 'yan gwangwan ina da saƙo gare su: ku ware irin wannan kaya gefe, ku kira mai lantarki ya gwada. Za ku fi samun kuɗi a kan abin da sikeli zai ba ku, kuma yaranku ba za su taɓa guba da hannu ba.

In ka san mai aski, bakanike ko ɗan gwangwan, tura masa wannan rubutu. Wanda kuma ya taɓa gyara irinta, ya turo mana hoto mu ƙaru da juna.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kare mu daga haɗari. Sai mun haɗu a darasi na gaba.